Yadda Ake Tsara Manufar Bayyana Asali Bisa Raɗin Kai Ga Ɗalibai 'Yan Asalin Ƙasa a Makarantun Ontariyo

A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, idan uwa ta kai ɗanta rajista a makarantar gwamnati, a cikin takardun da za a miƙa mata akwai tambaya guda wadda ba dole ba ne ta amsa. Tambayar ita ce ko yaron yana da asali daga ɗaya cikin rukunoni uku na 'yan asalin ƙasar, wato Al'ummomin Farko da Inuwit, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, da kuma Metis, al'ummar da ta samo asali daga auratayya tsakanin Turawa da mutanen da suka tarar. Rubuta wannan tambaya ba ya cin minti biyar, amma hukumar makarantun da take son iyaye su amsa ta da gaskiya sai ta shafe watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana share fage.

Tsarin ya samo tushe ne a shekarar 2007, lokacin da ma'aikatar ilimi ta Ontariyo ta fitar da manufarta kan ilimin waɗannan rukunoni uku, ta kuma sa wa kanta wa'adin shekarar 2016 don rage tazarar da ke tsakanin sakamakon 'ya'yansu da na sauran ɗalibai. Nan take aka ci karo da matsala: ba a iya auna tazara idan ba a san su wane ne ɗaliban ba. Saboda haka ma'aikatar ta buƙaci hukumomin makarantun yankuna, waɗanda adadinsu ya kai 72, kowace ta tsara manufarta ta bai wa iyalai damar bayyana asalinsu cikin sirri kuma bisa ganin dama. Mutanen da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne, domin ƙidayar 2021 ta nuna 'yan asalin ƙasa sun kai kimanin miliyan 1.8 a Kanada, wato kashi 5 cikin ɗari na jama'a, kuma Ontariyo ce ta fi kowane lardi yawansu, da mutum sama da 400,000.

Mai karatu daga Najeriya kada ya haɗa wannan da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma da ake nema wajen shiga jami'a ko ɗaukar aiki. Waccan hujja ce da hukuma ke tilasta wa mutum ya kawo. Wannan kuwa magana ce da iyali ke faɗa da bakinsu idan sun so, ba a neman wata takarda a kanta, kuma suna iya janye ta.

Mataki na farko: a san dalilin da ya sa mutane ke ɗari-ɗari

Kafin a kira taro ko ɗaya, wajibi ne shugabannin hukumar da zaɓaɓɓun wakilanta su zauna su koyi tarihin da ke bayan wannan tambaya, domin a wurin iyalai da yawa shiga rajistar gwamnati bai taɓa zuwa da alheri ba. Dokar Indiyawa ta 1876 (sunan da Turawa suka laƙaba wa Al'ummomin Farko ke nan, ba mutanen ƙasar Indiya ba) ita ce ta bai wa gwamnatin tarayya ikon yanke hukunci kan wane ne ɗan Al'ummomin Farko a idon doka, kuma a ƙarƙashinta macen da ta auri wanda ba ya cikin rajista takan rasa matsayinta, ita da 'ya'yanta, har sai da aka gyara wannan sashe a 1985. Da taimakon irin waɗannan jerin sunaye ne aka kwashe yara kimanin 150,000 zuwa makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar, inda aka hana su magana da harsunansu, da yawa kuma ba su koma gida ba. Ontariyo tana da nata kason, kamar makarantar Mohok da ke Brantford da ta Shingwauk da ke Sault Ste. Marie, waɗanda duka aka rufe a 1970, amma a wasu sassan ƙasar sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Daga shekarun 1960 kuma ma'aikatan jin daɗin yara suka riƙa ɗauke jarirai da ƙananan yara suna bai wa iyalan da ba nasu ba. Su kuwa Inuwit, tsawon shekaru gwamnati ta riƙa ba su wasu ƙananan faifai masu lamba da suke ratayawa, ana kiransu da lambar a takardun hukuma maimakon sunayensu.

Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara kan makarantun kwanan a ranar 11 ga Yuni, 2008, kuma Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda ta binciki abin da ya faru a makarantun, ta miƙa rahotonta a 2015 tare da kiraye-kiraye 94 na ɗaukar mataki. Duk da haka, kakar da ke riƙon jikanta a yau tana iya zama ita kanta ta yi zaman irin wannan makaranta. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja baya. Jami'in da bai san wannan ba zai ɗauki shirun iyaye a matsayin rashin kula, alhali kuwa shawara ce da suka yanke da hankalinsu.

Mataki na biyu: a tsayar da amfanin da bayanan za su yi

Hukuma ta rubuta, a shafi ɗaya ko biyu, abin da za ta yi da amsoshin. Cewa "don inganta ilimi" bai wadatar ba. A faɗi abu takamaimai: za a san makarantun da ya kamata a buɗe ajin harshen Ojibwe ko Kiri ko Mohok, za a san inda ake buƙatar mai ba ɗalibai shawara daga cikin al'ummarsu, za a ga ko ɗaliban da ke barin ƙananan makarantun garuruwansu su shiga babbar sakandare a birni suna tuntuɓe a shekarar farko, za a san iyalan da za a sanar idan wata dama ta tallafin karatu ta fito. Idan hukumar ta duba ta ga ba ta da kuɗi ko ma'aikatan da za su yi ko ɗaya daga cikin waɗannan, a ganina gara ta dakata da tambayar har sai ta shirya, domin karɓar bayani ba tare da mayar da komai ba shi ne ainihin abin da mutanen suke tsoro.

A wannan shafin ne kuma za a rubuta abin da ba za a taɓa yi da bayanan ba: ba za a yi amfani da su wajen tura yaro ajin masu rauni ba, ko wajen ladabtarwa, ko a miƙa su ga wata hukuma dabam sai inda doka ta tilasta.

Mataki na uku: a zauna da masu abin tun kafin a rubuta daftari

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Hanya mai sauƙi ita ce jami'ai su rubuta manufa su gama, sannan su kira taron yamma guda su karanta wa jama'a su ce an yi shawara. Mutanen sun daɗe da sanin wannan salo. Abin da ya dace shi ne a kafa kwamiti tun takarda tana fara, kuma a ba shi ikon canza abin da jami'ai suka zo da shi.

Wa za a gayyata? Amsar ta danganta da yankin. A Ontariyo akwai Al'ummomin Farko 133, kowace da shugabanta da majalisarta, kuma da yawa suna da daraktan ilimi nasu. Idan akwai irin wannan al'umma kusa, musamman wadda ke da yarjejeniyar biyan kuɗin karatun 'ya'yanta da hukumar, sai a rubuta wa shugaban da majalisarsa takarda ta girmamawa, kamar yadda gwamnati ke rubuta wa gwamnati, kuma a je a same su a garinsu maimakon a kira su ofis. Sai dai akasarin 'yan asalin ƙasa a lardin ba a keɓaɓɓun ƙasashen al'ummominsu, wato yankunan da doka ta ware wa Al'ummomin Farko, suke zaune ba, suna cikin birane ne kamar Toronto da Thunder Bay da Sudbury, saboda haka dole a nemi cibiyoyin zumunci na 'yan asalin ƙasa da ke biranen, waɗanda su ne suka san iyalan da ba sa cikin kowane jerin suna. Metis suna da ƙungiyarsu ta lardi da aka kafa a 1993, mai majalisu a garuruwa daban-daban, kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa wakilin Al'ummomin Farko zai yi magana da yawunsu, domin al'umma ce dabam mai tarihinta, wadda sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1982 ya ambata da sunanta. A Otawa kuma akwai Inuwit masu yawa da ƙungiyoyinsu. A ƙara da iyaye, da ɗaliban sakandare, da dattawa.

Akwai ladubban da ya kamata a tambaya kafin a je. A wurin Anishinabe da wasu al'ummomi, idan za a roƙi dattijo ya ba da iliminsa ko ya buɗe taro, akan miƙa masa ɗan ƙullin taba, amma wannan ba al'adar Inuwit ba ce, don haka a tambayi mutanen wurin abin da ya dace da su. A biya dattawa ladan lokacinsu da kuɗin mota, a tanadi abinci da mai kula da yara, kuma kada a sa wa taron agogo mai tsauri. Zama na farko yakan ƙare ne a kan koke-koken da ba su shafi fom ba kai tsaye, kamar malamin da ya yi wa yaro ba'a, ko littafin tarihi da ya ɓata kakanninsu. Kada a katse su da cewa ba wannan ya tara mu ba. A rubuta koken, a dawo da amsa a zama na gaba, domin da wannan ne suke gwada ko hukumar tana cika alkawari.

A teburin nan za a ji ana ambaton ƙa'idoji huɗu da Al'ummomin Farko suka tsara tun ƙarshen shekarun 1990 kan bayanan da suka shafe su, waɗanda aka fi sani da OCAP: al'umma ce mai mallakar bayananta, ita ke da ta cewa kan yadda za a sarrafa su, tana da haƙƙin ganinsu, kuma tana da haƙƙin riƙe su a hannunta. Hukumar makarantu ba za ta iya cika su duka yadda suke ba, saboda dokar sirri ta ɗaure ta kan bayanan kowane ɗalibi. Gaskiya ita ce a faɗa musu haka ƙarara, sannan a nemi abin da zai yiwu, misali yarjejeniyar cewa ba za a wallafa alƙaluman da suka shafi wata al'umma ba sai wakilanta sun gani sun yi magana a kai.

Mataki na huɗu: a duba doka

Wannan aikin lauyan hukuma ne da jami'in kare sirri, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci. Dokar ilimi ta lardin ce ke ba da ikon tattara bayanan ɗalibai, dokar 'yancin samun bayanai da kare sirri ta ƙananan hukumomi ita ke tsara yadda hukumomin makarantu za su adana su, kuma tana buƙatar a sanar da mutum ikon da aka dogara da shi, da dalilin tattarawa, da jami'in da zai tuntuɓa idan yana da tambaya. Dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ontariyo kuma ta halatta shirye-shirye na musamman don taimaka wa rukunin da aka tauye. A sa waɗannan a ƙasan fom cikin harshe mai sauƙi.

Mataki na biyar: a rubuta manufar da fom ɗin

Manufar kanta kada ta wuce 'yan shafuka. Ta ƙunshi dalili, da ma'anar kalmomi, da wanda ke da ikon amsawa, da yadda ake janyewa, da wanda zai ga bayanan, da lokacin da za a sake bitar ta. Iyaye ko masu riƙo ne ke amsawa a madadin yaro, ɗalibin da ya kai shekara 18 kuma ya amsa da kansa. A tanadi abin da za a yi idan uwa da uba sun rabu kuma ba su yarda da juna kan amsar ba, da kuma yaron da ke hannun hukumar kula da yara, domin waɗannan za su taso ko an so ko ba a so ba.

Tambayar ta zama gajera, da akwatuna uku na rukunonin nan, kuma a bar mutum ya zaɓi fiye da ɗaya idan tsarin kwamfutar hukumar zai ɗauka. Yana da kyau a bar layi guda inda iyali za su rubuta sunan al'ummarsu ko harshensu idan sun so, saboda da wannan ne za a gane ko ajin Oji-Kiri ake buƙata ko na Kayuga. A sa tambayar a fom ɗin rajista na kowa da kowa, ba a wata takarda ta daban da ake miƙa wa waɗanda aka ga sun yi kama da 'yan asalin ƙasa ba. A kuma maimaita ta a takardar sabunta bayanai ta farkon kowace shekara, domin iyalin da suka ƙi amsawa bana suna iya amsawa baɗi bayan sun ga kamun ludayin makarantar.

Batun hujja shi ne zai fi jawo muhawara. Hukumomin Ontariyo ba sa neman katin rajista na gwamnatin tarayya ko wata shaidar nasaba, kuma dalilin yana da ƙarfi: dubban mutane sun rasa takardunsu ne ta dalilin dokokin da aka ambata a sama, wasu kuma an raba su da danginsu tun suna jarirai, don haka neman takarda zai fitar da waɗanda aka fi cuta. Wani a kwamitin zai ce to ai wanda ba shi da asalin zai iya yin ƙarya. Haka ne, kuma damuwar ba ta banza ba ce, ganin yadda a 'yan shekarun nan aka bankaɗo wasu a jami'o'in Kanada da suka yi da'awar asalin da ba nasu ba. Mafita a nan ita ce a raba abubuwa biyu. Amsar da ke kan fom ta tsaya a matsayin abin tsara ayyuka da ƙididdiga kawai. Duk inda ake rabon wani abu mai iyaka, kamar kuɗin tallafi ko gurbi na musamman, sai a bi wata hanya dabam wadda al'ummomin da kansu suka amince da ita. A rubuta a manufar cewa cika fom ɗin makaranta ba ya mayar da kowa ɗan wata al'umma, domin wannan hukunci nasu ne.

Abu ɗaya kuma da bai kamata a yi ba: ko da hukuma ta san yaro daga wata keɓaɓɓiyar ƙasa yake zuwa saboda al'ummarsa ce ke biyan kuɗin karatunsa, kada ma'aikaci ya cika masa akwatin da kansa. Da zarar an yi haka, kalmar ganin dama ta zama ƙarya.

Mataki na shida: a tsara wanda zai gani

Kowane ɗalibi a Ontariyo yana da lambar ilimi tasa, kuma hukumomi suna aika bayanai zuwa rumbun ma'aikatar ilimi. A bayyana wa iyaye cewa amsarsu za ta bi wannan hanya, kuma ana iya haɗa ta da sakamakon jarrabawar lardi ta EQAO, wadda ake yi a aji 3 da aji 6, da lissafi a aji 9, da gwajin karatu da rubutu a aji 10. A cikin makaranta kuwa a taƙaita masu gani ga shugaban makaranta da ma'aikatan da ke gudanar da shirin. Ko malamin aji zai gani, wannan tambaya ce da kwamitin zai yanke, kuma akwai hujja ta kowane ɓangare: malamin da ya sani yana iya taimakawa, amma kuma yana iya juyowa ga yaron a tsakiyar darasin tarihi ya ce ya yi wa aji bayanin al'adun mutanensa, abin da ɗalibai da yawa suka tsana.

Wajen wallafa rahoto, a ba da jimilla kawai, kuma a ɓoye duk adadin da bai kai 10 ba, domin a ƙaramin gari idan aka ce ɗalibai uku Metis sun faɗi jarrabawa, kowa ya san 'ya'yan wane gida ne.

Mataki na bakwai: a horar da mai karɓar rajista

Ana yawan horar da shugabannin makarantu a manta da sakatariyar da ke zaune a bakin ƙofa, alhali ita ce ke miƙa fom, ita ake wa tambayar "me za ku yi da wannan?" A ba ta amsa ta jimla biyu ko uku da za ta iya faɗa da bakinta, da sunan jami'in ilimin 'yan asalin ƙasa na hukumar wanda za ta tura mai neman ƙarin bayani gare shi. A koya mata kada ta yi hasashe daga fuska ko sunan mahaifi, kada ta ce wa mai farar fata da shuɗin ido ai kai ba ka yi kama da su ba, kada kuma ta tambayi wanda ya tsallake akwatin dalilinsa. A yi gwajin wannan da wasan kwaikwayo a wurin horo, wani ya zama uba mai fushi, wata ta zama kaka mai shakka.

Mataki na takwas: a sanar da jama'a

Bayan zaɓaɓɓun wakilan hukumar sun amince da manufar, sai a fitar da ƙaramar takardar bayani da Ingilishi da Faransanci da harsunan yankin, a sa a shafin intanet, a kuma kai ta inda mutane ke taruwa, kamar cibiyoyin zumunci da ofisoshin al'ummomi da gidajen rediyonsu. Sanarwar da ta fito daga bakin ɗan kwamiti wanda jama'a suka sani ta fi wasiƙa goma daga ofis tasiri. Idan adadin waɗanda suka amsa yana da alaƙa da kuɗin da hukumar ke samu daga lardi, a faɗi haka tun farko tare da bayanin inda kuɗin ke zuwa.

Mataki na tara: a karanta alƙaluman da hankali, a mayar da su ga masu su

A shekarun farko adadin zai yi ƙasa da gaskiya, kuma hanyar gane girman giɓin ita ce a kwatanta shi da ƙidayar jama'a ta yankin. Idan adadin ya yi ta hawa shekara bayan shekara, ba lallai ne yara suka ƙaru ba, sau da yawa amana ce ta ƙaru. Wannan yana da tasiri kan fassarar sakamako, domin idan rukunin da ake aunawa yana canzawa, hawa ko saukar makin jarrabawa ba zai nuna nasarar wani shiri kai tsaye ba. A kuma ware rukunonin uku maimakon a cure su wuri ɗaya, saboda halin yaron Inuwit da ya taso daga yankin Nunabut da ke can arewacin Kanada zuwa Otawa ya sha bamban da na yarinyar Metis da aka haifa a Sudbury.

Abubuwan da ya kamata a bibiya sun haɗa da zuwa makaranta, da dakatarwa, da yadda ɗalibi ke tara darussa 30 da ake buƙata kafin a ba shi shaidar kammala sakandare. Amma a tambayi kwamitin abin da su suke ɗauka a matsayin nasara, domin suna iya cewa yawan yaran da ke iya gaisawa da kakanninsu da harshen gida ya fi musu makin lissafi muhimmanci, kuma babu abin da ya hana a auna duka biyun. Rahoton da ya ƙunshi gazawar yara kaɗai, ba tare da nuna abin da makarantar ta yi ko ta kasa yi ba, zai sa iyaye su janye sunayensu.

Sau ɗaya a shekara a koma wurin waɗanda aka zauna da su a mataki na uku, da shafin nan na alkawura a hannu, a bi shi layi-layi: an ce za a buɗe ajin harshe, an buɗe ko ba a buɗe ba, an ce za a ɗauki mai ba da shawara, ga sunansa ko ga dalilin jinkiri. Ita kuma manufar a sa mata ranar bita a cikin rubutunta, bayan shekara uku zuwa biyar, kuma a lokacin bitar a duba har da kalmomin da aka yi amfani da su, domin sunan da takardun 2007 suka kira waɗannan al'ummomi da shi a Ingilishi ba shi ne gwamnatin lardin ke amfani da shi a yau ba.